Bashi da takarda: jawabi kan sabuwar dokar biyan bashi ta OHADA



Hausawa sun ce bashi hanji ne, yana cikin kowa. A kasuwannin Maraɗi, Damagaram da Tawa, ana ɗaukar kaya na miliyoyin sefa bisa amana, ba takarda, ba sa hannu. Amana abin yabo ce, amma ranar da aka je gaban alƙali, hujja ake tambaya. To, dokar da alƙali ke aiki da ita wajen biyan bashi ta sake, kuma ya kamata kowa ya san inda ta sake.

Ranar 17 ga Oktoba 1993, a birnin Port-Louis na tsibirin Moris, Nijar na cikin ƙasashen da suka sa hannu kan yarjejeniyar OHADA, wadda ta haɗa dokokin kasuwancinsu wuri guda. Ƙasashen sun kai 17 da shigar Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kongo a 2012. Babbar kotun ƙungiyar tana Abijan, kuma ita ke da maganar ƙarshe a kan waɗannan dokoki. A nan gida, wata doka ta 2015 ta tsara kotunan kasuwanci, aka buɗe ta Yamai, sannan wata dokar ta 2019 ta maye gurbinta. Najeriya ba ta cikin yarjejeniyar. Saboda haka mai ciniki da Kano ko Katsina kada ya ɗauka dokar na bin kayansa har ƙetaren iyaka.

Dokar biyan bashi ta farko an amince da ita a Libarbil a 1998. An sake ta a Kinshasa ranar 17 ga Oktoba 2023, ta soma aiki ranar 16 ga Fabrairu 2024. Ta tanadi wata gajerar hanya: mai bin bashi ya kai takardunsa ga shugaban kotu, shi kuwa ya ba da umurnin a biya, ba tare da an kira wanda ake bi ba tukuna. Sharaɗi uku ne: bashin ya tabbata, a san adadinsa, kuma lokacin biyansa ya yi. Dole ya samo asali daga yarjejeniya, ko daga cek ko takardar biya irin ta kasuwanci.

A nan ne aka taƙaita wa'adi. Yanzu kwana 3 aka ba alƙali ya amsa buƙatar. Mai bin bashi yana da wata 3 ya sa a kai wa wanda yake bi umurnin, in ba haka ba ya faɗi. Wanda ake bi kuwa, da yana da kwana 15 ya yi ƙorafi. Yau kwana 10 ne, sai abin da aka ƙara saboda nisan gari. Wa'adin ɗaukaka ƙara ya sauko daga kwana 30 zuwa 15.

Wannan taƙaitawa riba ce ga mai bin kuɗinsa, amma hatsari ce ga wanda bai karanta Faransanci. Mai kai sammaci zai miƙa takarda, alhaji ya tura ta aljihu yana jiran ɗansa ya dawo ya karanta masa, ko ya kama hanyar Kwatanu. Kwana 10 na cika, ana iya mai da umurnin hukuncin da ake zartarwa, a riƙe kuɗinsa a banki ko a kama kayan shagonsa, ko da ya riga ya biya rabin bashin.

Ma'aikaci ma abin ya shafe shi. Ana iya riƙe wani kashi na albashi saboda bashi, amma sai da hukuncin zartarwa, sai an fara gwada sulhu gaban kotu, kuma ba a wuce kashin da dokar ƙasa ta halatta.

Ga masu sayar wa gwamnati kaya kuwa, har yanzu ba a kama dukiyar gwamnati ko ta ƙaramar hukuma. Sai dai sabuwar dokar ta buɗe ƙofa: bashin da ya tabbata da hukunci, ko wanda hukumar ta amsa, idan an yi mata gargaɗi wata 3 ba ta biya ba, ana iya shigar da shi cikin kasafin kuɗinta a matsayin abin da dole a biya. Amfanin wannan ƙofa ya rataya ga alƙalan da ke iya duban hukuma ido da ido.

Abin da ya rage kan ɗan kasuwa bai da wuya. Ya rubuta bashi, da adadi, da ranar biya, da sa hannu ko dangwale. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, cikin suratul Baƙara, a kan rubuta bashi take. Ya karɓi shaidar duk abin da ya biya. Kada ya yi barci kan haƙƙinsa, don galibin basussukan kasuwanci shekara 5 ne wa'adin neman su, na saye da sayarwa tsakanin ƴan kasuwa kuwa shekara 2. Takardar kotu kuma, ranar da ta zo, ranar za a nemi lauya ko mai karantawa.

Hukumomi su ma da nasu nauyi: dokar da ke ƙirga wa mutum kwana 10 ta cancanci a fassara ta, a bayyana ta a rediyo cikin harsunan da ake ciniki da su.

Allah ya raba kowa da ƙangin bashi, ya ba alƙalai ikon yin adalci.