Zanen Aro Ba Ya Rufe Katara: Jawabi Ga Rassan Madawa, Buza Da Keita

Maganarmu ta yau a kan tufa take, kuma kada kowa ya ɗauke ta ƙaramar magana. Inda kuɗin rigarka ya tafi, can arzikinka ya tafi.

Ku saurari abin da ke faruwa a Turai da Amurka. Wajen 2023 wani yayi ya bazu tsakanin attajiransu. Sun ce ado mai ƙyalƙyali da katon sunan kamfani a ƙirji na sabon shiga arziki ne. Mai arzikin asali riga yake sa wa marar hayaniya, mai launin ƙasa ko toka, wadda sai wanda ya san yadi zai gane darajarta in ya taɓa. A Italiya akwai kamfanin Loro Piana, mai saƙa da gashin vikunya, wata dabba ta duwatsun Peru, dangin raƙumi. A 2013 kamfanin LVMH na Faransa ya sayi kashi 80 cikin 100 nasa a kan Yuro biliyan 2. Me ya saya? Zare mai kyau da hannun gwani.

To jama'a, wannan sabon abu ne a Adar? Ku tuna rigar tsamiya. Zarenta daga gidan wata tsutsa ake samu, launinta kamar ƙasa, ba ta walƙiya, amma sai sarki ko babban malami ke sa ta. Ku tuna saƙi, baƙi da fari a haɗe, ƙananan gidaje kamar zanen jikin zabo. Ku tuna gwado da ke kare mutum daga hunturu shekara da shekaru, har ɗa ya gada. Dattijo ya fito da farar saƙa da malfa, ba mai tambayar ko shi wane ne.

Ku ƙirga hannuwan da riga ɗaya take ciyarwa. Manomi ya noma auduga a fadamar Majiya. Mata su gurje ta, su shiɓe, su kaɗa da mazari. Masaƙi ya saƙa, marini ya tsoma a baba, mabugi ya buga, maɗinki ya haɗa ya yi mata aska biyu ko aska takwas. Kuɗin duka a garinmu yake kwana. Ba kuma ƙaramin ciniki ba ne a ƙasar Hausa. Bature Barth da ya shiga Kano a 1851 ya tarar ana kai tufafinta har Tumbutu da Tarabulus. Turkuɗin Kura kuwa shi ne rawanin alfarma na Abzinawa, maƙwabtanmu.

Yaya aka yi abin ya kuɓuce mana? A 1897 Jamusawa suka fara sayar da shunin da aka haɗa a masana'anta, ya karya kasuwar baba. Kantunan Turawa suka cika kasuwa da yadin inji mai araha. Daga 1956 kamfanin CFDT na Faransa ya yaɗa noman auduga ta sayarwa, aka kafa injin gurza a Madawa. Audugar ta riƙa fita ɗanya, yadi ya riƙa shigowa da tsada. Daga baya gwanjo ya zo ya ƙarasa aikin. Mu ma 'yan lakkol aka koya mana cewa kwat da wando su ne wayewa, saƙi kuwa na baƙauye ne. Yau ango ba ya ganin ya cika sai da shaddar Getzner, wadda ake saƙawa a Ostiriya.

Wasu sun farka. A Indiya Gandi ya mai da kaɗi da saƙar hannu makamin neman 'yanci. A Burkina, Toma Sankara, wanda ya yi mulki daga 1983 zuwa 1987, ya sa ma'aikatan gwamnati sa Faso Dan Fani, saƙar ƙasarsu. Masaƙa suka samu abin yi.

Ga abin da muke roƙon kowane reshe. Na ɗaya, a nemo masaƙa da marina da suka rage a ƙauyuka, a rubuta sunayensu. Na biyu, kowane ɗan jam'iyya mai hali ya ɗinka rigar saƙi ɗaya kafin Sallah, kuma ya biya kuɗin gumi, kada ya taya kamar yana sayen tsumma. Na uku, a kai yara biyu daga kowane reshe su koyi sana'ar tun tsofaffin na da rai. Na huɗu, iyayenmu mata su sa zanen gida ɗaya cikin kayan kowace amarya.

Hausawa sun ce zanen aro ba ya rufe katara. In masaƙin ƙarshe ya mutu, ba kuɗin da zai dawo da hannunsa. Allah ya ba mu ikon riƙe namu. Wassalam.