Gasa Zaren Kabon da Hasken Infirared



Duk wanda ya taɓa shiga jirgin Boeing 787, ya zauna ne a cikin jikin da kusan rabin nauyinsa haɗin zare ne da ƙaro. Zaren kabon ya fi gashin kai siranta nesa ba kusa ba. Roger Bacon ya samar da nau'insa mai ƙarfi a Amurka a 1958, Akio Shindo na Japan kuma ya gano hanyar da yawancin masana'antu ke bi a yau. Sai dai zaren shi kaɗai tsumma ne. Ana jiƙa shi da ƙaron epoksi, a jera shi shimfiɗa-shimfiɗa a kan zubi, sannan a gasa shi a zafin digiri 120 ko 180 har ƙaron ya sandare. Wannan gashin shi ne ya tara mu yau.

Manyan kamfanoni suna yin sa ne a otokilab, wata ƙatuwar tukunyar ƙarfe mai zafi da matsin iska da ya kai ninki shida ko bakwai na iskar da muke shaƙa. Aikinta na da kyau ƙwarai. Amma sai ta dumama iskar cikinta, da bangonta, da zubin, kafin zafi ya isa ga kayan, kuma hakan na cin sa'o'i. A ƙasar da kuɗin wutar rukunin A ya tashi zuwa naira 225 kowane yunit a Afrilun 2024, wane ƙaramin kamfani a Idu da ke Abuja ne zai iya ɗaukar wannan nauyi?

Hasken infirared, wanda William Herschel ya gano a 1800, ido ba ya ganinsa amma fata na jin ɗuminsa. Ku tuna mai tsire: yana kafa tsinkunansa kewaye da garwashi, harshen wuta bai taɓa naman ba, amma naman na nuna. Haka fitilar infirared ke aika zafi kai tsaye ga kaya ba tare da jiran iska ta yi zafi ba. Sa'ar da aka yi ita ce zaren kabon baƙi ne wuluk, yana zuƙe wannan haske sosai. Fitilar infirared ta kwaz tana ɗaukar zafi cikin daƙiƙoƙi, ta huce da zarar an kashe ta, kuma ana iya rarraba fitilun shiyya-shiyya, kowace da nata ma'aunin.

Zan ɗan daɗe a kan matsalolin, domin nan ne ɗalibanmu za su sami aikin bincike. Hasken yana tsayawa ne a fuskar kaya. Zaren kabon kuwa yana kai zafi da sauri ta tsawonsa, amma daga shimfiɗa zuwa shimfiɗa tafiyar hawainiya yake yi. Idan kayan na da kauri, sama zai sandare alhali ciki ɗanye ne. Ga shi kuma epoksi na fitar da nasa zafin yayin sandarewa, wanda in ya taru a tsakiya zai iya ƙona kayan daga ciki. Lungun da hasken bai kai ba yana zama da sanyi. Sannan fitila ba ta matse komai. Dole a rufe kayan da leda a zuƙe iskar ciki, kuma iyakar matsin da hakan zai bayar shi ne ninki ɗaya. Kumfar iska da ta maƙale a cikin ƙaro rauni ne da ba a gani sai ranar karyewa.

Saboda haka ba na kiran kowa ya gasa fiffiken jirgin fasinja da fitila. Ina maganar kaya marasa kauri: fiffiken jirgi marar matuƙi irin Tsaigumi da rundunar sojin sama ta ƙaddamar a Kaduna a 2018, ƙafar roba mara nauyi ga wanda haɗari ko rikici ya raba da tasa, da facin sassan da suka tsage. Akwai kuma tukwanen gas na CNG. Tun cire tallafin mai a Mayun 2023 wasu motocin Abuja ke komawa gas, yawancinsu da tukwanen ƙarfe masu nauyi. Tukunyar da aka naɗe da zaren kabon ta fi sauƙi sosai, kuma da yake zagayayya ce, ana iya juya ta a gaban fitilu ta gasu daidai. Amma tana riƙe matsin da ya kai ninki 200 na iskar da muke shaƙa, don haka babu wadda ya kamata ta hau mota sai ta ci gwajin fashewa.

Cibiyoyin da za su yi wannan suna yankin Abuja: NASENI a Idu, NASRDA a Lugbe, cibiyar kimiyya ta Sheda, da jami'ar AUST a Galadimawa mai sashen nazarin kayan ƙira. Roƙona ga shugabanninsu shi ne ɗaki guda na haɗin gwiwa, mai fitilu, da famfon zuƙe iska, da wayoyin auna zafi da za a binne a cikin shimfiɗun, da injin da zai ja kowane samfuri har ya tsinke a rubuta ƙarfinsa. A buɗe shi ga ɗaliban kowace jami'a da masu ƙananan masana'antu, a kuma wallafa sakamakon kowane gashi, wanda ya yi kyau da wanda ya lalace.