ZAƁEN KAYAN HARHAƊA KWAMFUTA GA MAI ƘARAMIN ƘARFI: MISALI DAGA KIRIKASAMMA



Gabatarwa

Maƙasudin wannan lacca shi ne a duba yadda mai ƙaramin ƙarfi, ɗalibi ne ko ma'aikaci, zai zaɓi kayan da zai harhaɗa kwamfutar tebur ta farko da hannunsa, ba tare da guminsa ya tafi a banza ba. An ɗauki Kirikasamma ta ƙasar Haɗejiya a Jihar Jigawa ta zama abin misali, domin kuwa yawancin shawarwarin da ake karantawa a kan wannan batu an rubuta su ne saboda mutanen da wutar lantarki ba ta yanke musu, ɗakunansu da sanyi, kantin gyara kuma yana bakin titinsu. Mutumin Kirikasamma ko na Baturiya ba haka sha'aninsa yake ba. Abin da za a nuna shi ne cewa a irin wannan wuri, daga wuta ya kamata lissafi ya fara.

Asalin abin da bukatarsa

Abin da ya sa mutum ke iya harhaɗa kwamfuta da kansa shi ne, a shekarar 1981 kamfanin IBM na Amurka ya fito da kwamfutar tebur wadda ya gina da kayan wasu kamfanoni, ya kuma bayyana tsarinta a fili. A 1995 kamfanin Intel ya fito da ma'aunin ATX, wanda ya daidaita girman babban allo da akwati da mahaɗar wuta. Tun daga nan kayan kamfanoni daban-daban suke zama cikin akwati ɗaya, wanda ya lalace a cire shi a sa wani.

Bukatar kuwa ta iso gida. Tun 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawar shiga jami'a ta koma kan kwamfuta gaba ɗaya, saboda haka yaron da ya tashi a ƙauyukan fadama bai taɓa kama linzamin kwamfuta ba, ya shiga ɗakin jarrabawa da nauyi biyu. Har ila yau ga Jami'ar Tarayya ta Dutse da aka kafa a 2011, ga Jami'ar Sule Lamiɗo ta Kafin Hausa da aka kafa a 2013, ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Binyaminu Usman a Haɗejiya, kuma duka suna neman ɗalibi ya buga aikinsa da kwamfuta.

Tambaya ta farko: wane aiki?

A ɗauka ga malamin makaranta a Kirikasamma ya yi watanni yana adashi, yana son na'urar da zai riƙa buga takardun jarrabawa, ya tsara sakamakon ɗalibai, 'ya'yansa kuma su koyi bugun rubutu. Kafin ya hau mota zuwa Kano, wajibi ne ya rubuta waɗannan ayyuka a takarda, domin a kanti za a nuna masa akwati mai gilashi da fitilu masu launi, da katin hoto irin na masu wasannin kwamfuta, alhali babu ɗaya daga cikinsu da zai ƙara wa aikinsa sauri. Daidai ruwa daidai tsaki.

Tambaya ta biyu: wace wuta?

Nan ne gundarin maganar. Kwamfuta mai ƙwaƙwalwar da ba ta wuce wat 65 ba, tare da allon kallo madaidaici, takan ci wajen wat 100 ko ƙasa da haka a aikin ofis. Batir mai bolt 12 da amfiya 100 yana ɗauke da ƙarfin wat 1,200 na awa guda, amma batir na dalma ba a son a zuƙe fiye da rabinsa, in ana son ya yi ƙarko. Saura 600 ke nan. In aka cire abin da inbata ke ci, watau na'urar da ke juya wutar batir ta koma irin ta gida, malamin nan zai sami wajen awa biyar na aiki. To, in ya ƙara katin hoto irin su RTX 3060, wanda shi kaɗai yakan ja wat 170 in aiki ya yi nauyi, batir ɗin nan ba zai kai awa biyu ba. Ashe katin hoto sau biyu ake biyan kuɗinsa: ranar saye, da kuma ranar ƙaro batir da farantin sola.

Saboda haka ya kamata a fara ware kaso mai tsoka na kuɗin, a tanadi abin da zai tsaya tsakanin na'ura da wutar gari: ko UPS mai daidaita ƙarfin wuta, ko inbata mai fitar da tatacciyar wuta. Wutar da ke hawa da sauka, da ta ƙaramin janareto, su ne kan gaba wajen ƙona kayan kwamfuta. Haka nan akwatin wuta na cikin kwamfuta, wanda ke rarraba wuta ga sauran kaya, shi ne wurin da bai kamata a nemi araha ba ko kaɗan, domin in ya mutu yakan tafi da babban allo. A nemi na sanannen kamfani mai tambarin 80 Plus, wanda ke nuna cewa aƙalla kashi 80 cikin 100 na wutar da ya ja yana isa ga na'ura. Mai wat 400 zuwa 450 ya wadatar.

Ƙwaƙwalwa da babban allo

Waɗannan biyu tare ake zaɓensu, kamar takalmi da ƙafa, domin kowace ƙwaƙwalwa da irin mazauninta a kan allo. Tun da an yi watsi da katin hoto, dole ƙwaƙwalwar ta zama mai iya fitar da hoto da kanta. A ɓangaren AMD, irin wannan takan ƙare da harafin G, alal misali Ryzen 5 5600G ta shekarar 2021, wadda ke zama a mazaunin AM4 bisa allo irin A520 ko B550. A ɓangaren Intel kuwa akwai Core i3-12100 mai mazaunin LGA1700 bisa allo irin H610. Sai dai a yi hattara da wadda ta ƙare da harafin F, kamar 12100F: ta fi araha, amma ba ta fitar da hoto, wanda ya saye ta babu kati zai kunna na'ura ya ga allo baƙi ƙirin.

Ma'adana biyu

Ta farko ita ce ram, watau ma'adanar wucin gadi inda na'ura ke shimfiɗa aikin da take kai. Gigabait 8 shi ne mafi ƙaranci, 16 ya fi. Sanda biyu masu 8 sun fi sanda ɗaya mai 16 sauri, musamman ga ƙwaƙwalwa mai fitar da hoto da kanta. A lura kuma cewa DDR4 da DDR5 ba sa shiga ramin juna. Farashin ram ya yi tashin gwauron zabo a ƙarshen 2025, don haka wanda kuɗinsa ya gaza ya fara da sanda ɗaya, ya bar rami ɗaya don gaba.

Ta biyu ita ce ma'adana ta dindindin. A nan SSD ta fi tsohon faifai mai juyawa ta kowace fuska in ban da yawan wuri: ta fi sauri, ta fi ƙarancin cin wuta, kuma babu abin da ke motsi a cikinta balle jijjigar hanya ta lalata shi. Mai gigabait 256 ko 512 ta ishi mai aikin rubutu.

Sabo ko na hannu?

Tun bayan da aka saki darajar naira a watan Yuni na 2023, sababbin kaya sun yi wa albashi nisa, shi ya sa mutane da dama ke komawa ga na hannu a titin Beirut da Sabon Gari a Kano. Ƙwaƙwalwa da ram da akwati da allon kallo ba su cika mutuwa ba, ana iya sayensu na hannu in an gwada su a gaban mai saye. Akwatin wuta da batir da SSD kuwa suna tsufa a ɓoye, gara a saye su sababbi. Abu biyu kuma a kiyaye. Na ɗaya, tsofaffin kwamfutocin ofis na Dell da HP sau da yawa mahaɗar wutarsu da allonsu ba sa bin ma'aunin ATX, don haka ba kowane kaya ke shiga cikinsu ba. Na biyu, kamfanin Microsoft ya daina kula da Windows 10 ranar 14 ga Oktoba, 2025, Windows 11 kuwa galibi tana neman ƙwaƙwalwar Intel ta zubi na 8 zuwa sama. Wanda ya sayi wadda ta girmi haka, mafitarsa ita ce manhajar kyauta irin su Ubuntu da LibreOffice.

Daɗin daɗawa, zuwa Kano da dawowa daga Kirikasamma wuni guda ne da kuɗin mota. Hikima ita ce a harhaɗa kayan a kunna su a kantin kafin a biya, a kuma karɓi rasit mai lambar kowane kaya.

Zafi, ƙura da ruwa

A bazara zafin ƙasar Haɗejiya yakan haura digiri 40, saboda haka a zaɓi akwati mai raga a gaba da fanka biyu, ɗaya mai shigar da iska, ɗaya mai fitarwa. Da hunturu ƙura kan toshe ragar, sai a riƙa bushe ta a kai a kai. Busasshiyar iskar lokacin kuma takan tara lantarki a jikin mutum, don haka mai harhaɗawa ya taɓa ƙarfen akwati kafin ya taɓa allo. Da damina kuwa, wanda ya ga ambaliyar kogin Haɗejiya ta 2020 da ta 2022 ba ya bukatar a gaya masa kada ya ajiye kwamfuta ko batir a ƙasa. A ɗora su bisa tebur, a kuma adana kwafin muhimman takardu a wani wuri dabam.

Kammalawa

A taƙaice, jerin da ya dace da mai ƙaramin ƙarfi a Kirikasamma shi ne: aiki, sannan wuta, sannan ƙwaƙwalwa da allo, sannan ma'adana, akwati ya zo ƙarshe. Wanda ya bi wannan jeri zai koma gida da na'urar da ba ta da ƙyale-ƙyale, amma za ta yi masa shekaru, kuma ran da wani abu ya lalace ya san inda zai sa hannu, tun da shi ya ɗaura kowane ƙusa. Hausawa sun ce iya ruwa fid da kai.