"Ai Da Ma Kana da Shi": Tsohon Ciwo, Sabon Rauni da Diyyar Ma'aikaci



Akwai wata magana da ake rufe bakin ma'aikaci da ita idan ya ji ciwo a bakin aiki: "Ai da ma kana da shi." Lebura ya ɗaga buhun siminti baya ya riƙe, sai a tuna masa tun bara yake kukan baya. Ƙurar injin casa ta tayar wa yaro da asma, a ce ai gado ne. Shi kuma ya ce ƙaddara ce, ya koma gida ya kwanta. Ƙaddara gaskiya ce, amma haƙƙinsa yana nan, doka ce ta ba shi.

Ina nufin Dokar Diyyar Ma'aikata ta 2010, wadda ta maye gurbin ta 1987. Hukumar NSITF ke riƙe da asusun diyyar. Mai ɗaukar aiki ne ke zuba kashi 1 cikin 100 na jimlar albashin da yake biya duk wata, ba a cirar ko kwabo daga kuɗin ma'aikaci. Dokar ta game ma'aikacin ƙaramar hukuma da na kamfani, har da na wucin-gadi da mai koyon sana'a. Ba a tsayawa neman mai laifi. Ko a hanyar Kano zuwa Gwarzo babur ya kayar da kai kana tafe daga gida zuwa wurin aiki, kana ciki.

To, tsohon ciwo fa? Sashe na 7 ya ce idan rauni ya hau kan nakasar da da ma take, ana biyan rabon da raunin ya jawo. Ma'auninsa shi ne tazarar da ke tsakanin halin mutum kafin hatsarin da halinsa bayansa. Ke nan ba za a kore ka ba, ba kuma za a biya ka abin da ka shigo da shi ba.

A nan nake so mu ɗan tsaya. A ce mai gadin makaranta ne a Getso, yana da ciwon sukari shekara da shekaru, amma kullum yana zagaya katanga da ƙafarsa, bai taɓa fashin aiki ba. Ƙusa ta soke shi a bakin aiki, miki ya ƙi warkewa, har aka yanke ƙafar. Wani zai ce sukari ne ya ci ƙafar. Ni a fahimtata, mutumin nan yana da ciwo amma ba shi da nakasa kafin ƙusa, don haka tazarar gaba ɗayanta ta ƙusar ce. Kotun Ingila ta bi irin wannan tunani a farkon shekarun 1960, a shari'ar Smith da kamfanin Leech Brain. Narkakken ƙarfe ya ƙona ma'aikaci a leɓe, ƙunar ta tayar da ciwon daji da ke kwance, ya rasu. Kotu ta ce yadda ka sami mutum, haka za ka ɗauki nauyinsa. Waccan ƙarar sakaci ce, ba ta asusun diyya ba, amma hujjar ta zauna.

Matsalarmu a nan ita ce shaida. Doka tana auna jiya da yau, mu kuwa jiyanmu ba ya rubuce. Ciwon baya kemis ake kai shi, karaya kuma wajen mai ɗori. Ban raina masu ɗori ba, da yawa a zauren nan sun san hannunsu, amma mai ɗori ba ya ba da kati. Wanda ke da kati a Babban Asibitin Gwarzo, ko hoton ƙashi daga Asibitin Ƙashi na Dala, shi ne zai iya nuna cewa bara yana ɗaukar buhu, bana ba ya iya sunkuyawa. Saboda haka ɓoye wa likita tsohon ciwo don tsoron rasa diyya kuskure ne. Ranar da aka tono shi, sauran maganarka ma ta zama abin zargi.

Sai wa'adi, wanda kunya da kawaici kan cinye. Ma'aikaci, ko iyalinsa, ya sanar da mai ɗaukar aiki cikin kwana 14, kuma shawarata a yi shi a rubuce, a ajiye kwafi. Shi kuma mai ɗaukar aiki yana da kwana 7 ya kai rahoto. Neman diyya cikin shekara 1 ne, sai da uzuri na musamman ake ɗagawa zuwa 3. Idan hukuncin hukumar bai yi maka ba, ka nemi ta sake dubawa, daga nan sai Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, wadda ke da zama a Kano.

Shugabannin ƙungiyoyin ƙwadago da ke nan, aikin farko naku ne. Ku je ofis ku tambaya ko an yi wa mutanenku rajista da NSITF, ku kuma nemi a nuna muku rasidin biyan watan da ya wuce.