Daga Ɗakin Mai Jego Ake Fara Tsare Hanta



Batuna a yau ciwon hanta ne, hujjata kuma guda ce: a ƙasa irin tamu, wurin da za a ci galabar wannan cuta shi ne ɗakin mai jego da teburin gwajin jini, tun kafin magana ta kai ga dashe. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2022 mutum miliyan 254 ne ke ɗauke da cutar hanta nau'in B, miliyan 50 kuma nau'in C, sannan cututtukan sun kashe mutum miliyan 1.3 a shekarar kaɗai. A nan gida, babban binciken ƙasa na 2018 ya gano nau'in B a jinin kashi 8.1 cikin 100 na 'yan shekara 15 zuwa 64. Wato a kowane sahun salla mai mutum 12 ana iya samun ɗaya, kuma galibi bai sani ba, domin hanta takan shekara 20 ko 30 tana lalacewa ba tare da mai ita ya ji komai ba. Ranar da ido ya yi rawaya, ciki ya kumbura, aka fara aman jini, sau da yawa aikin gama ya gama.

Me ya sa na ɗora nauyin a kan ranar haihuwa? Saboda shekarun da mutum ya kamu su ke yanke makomarsa. Babba idan ya kamu da nau'in B, jikinsa kan kore cutar, ƙasa da kashi 5 cikin 100 ne take zama musu ta dindindin. Jariri kuwa, wajen 9 cikin 10 na waɗanda suka kamu lokacin haihuwa za su rayu da ita, kuma daga cikinsu ake samun magidantan da kansar hanta ke ɗaukewa suna tsakiyar ƙarfinsu. Jinin uwa wajen haihuwa hanya ce, haka askar wanzami da ba a sauya ba, wajen kaciya, ƙaho, tsaga ko cire beli. Allurar rigakafin nau'in B ta shiga jadawalin Najeriya tun 2004, kyauta ce, ana so a yi ta farko cikin awa 24, sannan a biyo da na mako 6, 10 da 14. Taiwan ta fara yi wa jarirai ita a 1984, aka ga kansar hanta ta ragu ƙwarai a cikin yaranta. Ga iyalan barikin Shadawanka akwai ƙarin jan hankali: sauyin wurin aiki kan katse jadawalin yaro, don haka katin rigakafi ya riƙa bin iyali duk inda aka tura su.

Wani zai ce yawancin matanmu a gida suke haihuwa, mai jego kuma ba ta fita. Gaskiya ne, amma al'ada ba ta hana uba ko kaka ɗaukar jariri zuwa asibitin unguwa ba, kuma babu dalilin jiran ranar suna. Wani kuma zai tuna gwajin maganin Trovan a Kano a 1996 ya ce ba ya yarda da allura. Wannan tsoro yana da tushe, ba na raina shi. Sai dai wancan magani ne da ake kan gwadawa, wannan kuwa rigakafi ce da duniya ke amfani da ita tun 1982, an kuma yi wa ɗaruruwan miliyoyin yara ita har a Saudiyya da Masar.

Akwai masu gudun gwaji don tsoron ƙyama, ko kada aure ya lalace. Ku sani nau'in B ba ya bin kwano ko musabaha. Idan ɗaya daga cikin ma'aurata yana da shi, ana yi wa ɗayan rigakafi su zauna lafiya. Maganin tenofovir yana danne ƙwayar, yana kuma kare ɗan da ke ciki idan likita ya ga dacewar bai wa mai juna biyu. Nau'in C ma warkewa ake yi, sama da kashi 95 cikin 100, da ƙwayoyin mako 12. Gwaji yana da wani amfani da ba a cika ambata ba. Ba kowane ciwon shawara ne na ƙwayar cuta ba. Akwai ciwon da garkuwar jiki ke juyowa ta afka wa hantar mai ita, ya fi kama mata, ba a ɗaukarsa daga kowa, kuma magungunan prednisolone da azathioprine kan kwantar da shi. Matar da ke da wannan, idan aka bar ta da jiƙo da shan rake, ko aka ware mata kofi, an cuce ta sau biyu.

To, dashen hanta fa? Thomas Starzl ya fara shi a Amurka a 1963, kuma yau mai rai kan ba da ɓangaren hantarsa ta sake tofowa. Ni'ima ce babba ga wanda ya samu. Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano yana dashen ƙoda tun 2002, amma mai neman na hanta galibi sai Indiya ko Masar, da kuɗin da ke cinye gida da gona, ga maganin danne garkuwa har ƙarshen rayuwa. Ina goyon bayan mu mallaki wannan ƙwarewa, musamman domin masu ciwon garkuwa da babu rigakafin da zai tsare su. Amma gwamnatin da ta fara da ginin ɗakin dashe alhali jarirai na wuce awa 24 babu allura ta fara daga inda ya kamata ta ƙare.

Roƙona gare ku shi ne kowa ya je Asibitin Koyarwa na Abubakar Tafawa Ɓalewa ko asibiti mafi kusa a gwada shi nau'in B da C, ya tafi da iyalinsa, kowa ya riƙe askarsa, kuma duk haihuwar da aka yi a Shadawanka a kai jaririn allura a ranar.