Mazubin da Ke Zuwa Yana Komawa

 

A kowace safiya akwai kayan da ke fita daga hannunku su shiga gidajen mutane, da yamma su dawo: jarkar mai garuwa, wadda wasu ke kira bido, da kular mai abinci, da langar mai koko, da ƙwaryar Bafulatana mai nono. Wannan tsari ya girmi leda nesa ba kusa ba, kuma ni ina goyon bayansa. Mai sayarwa tana hutawa da kuɗin leda, magudanai suna hutawa da toshewa, kunu mai zafi kuma ba ya kwanciya cikin roba mai laushi. Tun Disambar 2017 ma dokar ƙasar Benin ta haramta ledar da ba ta ruɓewa, ko da yake duk wanda ya ratsa kasuwa ya san ledar ba ta tafi ko'ina ba.

Sai dai mazubin da ya kwana a gida ɗaya gobe wani gidan zai shiga, kuma abin da ya ɗauko a can da shi zai tafi. Kwalara da taifot ta baki suke shiga, cikin ruwa ko abincin da ƙazantar bayan gida ta taɓa. Idan uwa ta wanke wa yaro mai gudawa, ta ɗauki kularki ba ta wanke hannu da sabulu ba, ke kuma kika ɗauraye ta sama-sama kika zuba shinkafar wani gida, to kin kai musu abin da ba su saya ba, kuma sunanki za a kira.

Saboda haka wanki nauyin mai sayarwa ne, ko da an dawo miki da kwano yana ƙyalli. A wanke da sabulu da ruwa mai tsabta, a kula da murfi da lungun bakinsa, a kife a kan tebur ko katako har ya bushe. Kada a share da tsumman da ake goge hannu. Wadda ke da hali ta tanadi kaya kashi biyu, ɗaya yana waje ɗaya yana bushewa, domin gaggawa ce ke sa a zuba abinci cikin jiƙaƙƙen kwano. Kwandon da ke dawo da kayan da aka ci kuma kada ya haɗu da na tafiya. Dafaffen abinci kada ya wuce awa 2 a ajiye idan ya huce.

Jarka ta fi wuya, gama hannu ba ya shiga cikinta. Malam mai garuwa, sa yatsa cikin bakin jarkarka. Santsin da ka ji, da koren da ke mannewa a gindinta, nan ƙwayoyin cuta ke zama, kuma ɗauraya ba ta fitar da su. Zuba ruwan sabulu, girgiza sosai, goge da buroshi mai dogon hannu, sannan ka bi da ruwan jabel bisa awon da ma'aikatan lafiya za su nuna maka, domin ƙarfin jabel ya bambanta. Jarkar da murfinta ya ɓace a nema mata wani. Toshe ta da leda ko totuwar masara ba rufi ba ne. Ku kuma masu gida, idan kun sa ƙwayar Aquatabs a ruwan sha, ku bi awon da ke jikin takardarta, ku jira minti 30.

Akwai mazubin da sabulu ba ya yi masa magani. Ƙasarmu ƙasar auduga ce, galan ɗin maganin feshi yana da kauri da murfi mai kyau, shi ya sa ido ke kwaɗayinsa. Guba tana shiga cikin jikin robar, ta riƙa fitowa cikin nono ko mai ko ruwa. Dattawa suna tuna daminar 1999 zuwa 2000, lokacin da maganin auduga mai suna endosulfan ya hallaka mutane da dama a Borgu, wasu ta hanyar abinci, har gwamnati ta hana shi a 2008. Magungunan da suka maye gurbinsa su ma guba ne. A huda galan ɗin don kada wani ya ɗauka, a kuma nisanta shi daga yara. Jarka ko kwalbar da ta taɓa ɗaukar fetur ɗin bakin hanya, wanda ake kira kpayo, ita ma ta bar harkar abinci ke nan. Idan za ku sayi tsohuwar jarka, ku tambayi abin da ta ɗauka, ku shinshina. Ta man girki ita ce za a iya wankewa a yi amfani da ita.

Na san kukan 'yan kasuwa shi ne kaya ba sa dawowa. Ki rubuta alamarki da fenti a bayan kwano, ki karɓi ɗan kuɗin jingina daga sabon mai saye, ki kafa ƙa'ida: a ba da na jiya, a karɓi na yau. Masu gida kuwa, kwanon mai abinci ba na jiƙa wanki ba ne. Idan wani ya kamu da amai da gudawa a gidanku, ku fara ba shi ruwan gishiri da sukari, ku kai shi asibiti ba da jinkiri ba, sannan ku sanar da mai kawo muku kaya domin ta ware kwanonku ta wanke shi daban.