Tsohuwar Land Rover: A Fara Gyara Daga Shasi

Wannan shi ne jawabin da wani malamin kanikanci ya yi wa ɗaliban ajin yaƙi da jahilci. Akasarinsu direbobi ne da kanikawa, sai kuma 'yan ƙungiyar manoma masu shirin sayen tsohuwar mota don kai amfanin gona kasuwa.

Bayan sallama da godiya, malamin ya ce duk wanda ya san hanyoyin karkara ya san Land Rover. A ƙasar Ingila aka fara ƙera ta cikin 1948, kuma an taɓa harhaɗa ta a masana'antar Leyland da ke Ibadan. Samfurin da ake kira Series III an yi shi ne daga 1971 zuwa 1985. Ke nan ko autarsu ta kai shekara 40.

Ya ce abin da ke yaudarar mai saye shi ne bodi. Lokacin da aka ƙirƙiro motar, ƙarfe ya yi ƙaranci a Ingila saboda yaƙin duniya na biyu, sai aka yi bodin da alminiyam, wanda ba ya tsatsa. Amma shasi, wato ƙashin bayan mota, ƙarfe ne mai rami a ciki kamar akwati. Taɓo da ruwan damina sukan shiga su kwanta, tsatsa ta riƙa ci daga ciki. Sai a ga mota tana ƙyalli, alhali kyan ɗan maciji ne. Ranar da shasi ya karye a gangara, da mutane da buhuna a baya, ba dukiya kaɗai za a rasa ba.

Saboda haka, in ji shi, aikin farko shi ne a sauke bodi, a cire inji da giyabos, a bar shasi tsirara. Ƙananan yara masu koyo su kiyaye: kada kowa ya shiga ƙarƙashin mota tana kan jak kaɗai, sai an tokare ta da ƙarafa ko katako mai kauri. Kowane noti da aka kwance a sa shi a gwangwani, a rubuta sunan wurin da ya fito. Ya ce a nan ne ɗalibai za su ga amfanin karatun da suka yi.

Daga nan a wanke shasi, a kankare, a bi shi da guduma taki-taki. Ƙarfe mai lafiya yakan yi ƙara tsaf. Wanda ya ruɓe kuwa sai a ji sautinsa ya mutu, ko guduma ta lotsa shi. Wuraren da suka fi lalacewa su ne ƙarfen da ya gilma a can baya, da hannuwan da suka fito gefe suna ɗauke da bodi, da inda sifirin ke rataye. Sannan a auna da igiya daga kusurwar gaba ta dama zuwa ta baya ta hagu, a sake aunawa ta ɗaya ɓangaren. In tsawon bai zo ɗaya ba, shasin ya karkace, kuma motar za ta riƙa cin taya tana jan direba gefe.

Game da walda, malamin ya ja kunne ƙwarai. Ya ce liƙa faci a kan tsatsa gyaran gangar Auzinawa ne. A yanke ruɓaɓɓen wuri har sai an kai ƙarfe mai kyau, a sa sabo mai kauri daidai da na asali, a yi waldar kaɗan-kaɗan don kada zafi ya lanƙwasa shi. Kafin a kunna wuta a kawar da tankin mai da batir, a kuma zare wayoyin fitilun baya, domin ta cikin shasi suka bi. In an gama a shafa fenti, a fesa mai a cikin ramin, a buɗe ƙofofin da ruwa ke fita. In kuwa ruɓar ta game ko'ina, gara a nemi wani shasin.

Sai ya juya kan sassan da ke kai ƙarfin inji zuwa taya. Ƙarfi yakan tashi daga inji ya shiga giyabos, ya wuce akwatin giyar taimako, wanda ke raba shi ga farfela biyu, ta gaba da ta baya, su kuma su juya aksil. A tsiyaye man kowanne a duba. In an ga garin ƙarfe, haƙora ko boris sun ci. In man ya yi fari kamar madara, ruwan rafi ya shiga. A canza robobin da ke tare mai, a zuba man giya mai lamba 90. A girgiza farfela da hannu, in gaɓoɓinta suna wasa a sake su, a cika su da giris.

Ya ce akwai kuskuren da ke cinye kuɗin mutane a kasuwar kayan gyara. Babban faifan da ke cikin tulun aksil na wannan mota yana da haƙora 47, ƙaramin da ke juya shi yana da 10. Na Range Rover kuwa 46 ne da 13, ga shi a ido sun yi kama. In aka ɗaura ɗaya a gaba ɗaya a baya, tayoyin gaba da na baya ba za su yi gudu ɗaya ba, ƙarshenta wani ƙarfe ya tsinke. Don haka mai saye ya zauna ya ƙirga haƙora kafin ya biya. Haka kuma tayoyi huɗun su zama girma ɗaya.

Wajen mayar da kaya, kada a ɗaure notocin sifirin tamau sai motar ta sauka a kan tayoyinta, in ba haka ba robobin za su yage da wuri. Bututun birki kuwa a sa sababbi gaba ɗaya. Da yawa daga cikin tsofaffin nan layin birki ɗaya gare su, in ya huje a wuri guda, ƙafa huɗu sun rasa birki.

Ga direbobi, ya tunatar da su cewa sanda mai jan kai ita ce ta ƙaramar giya don hawa da taɓo, mai ruwan ɗorawa kuma ita ke haɗa tayoyin gaba. A yi amfani da su a yashi da laka, a sake su da zarar an hau kwalta. A wanke ƙarƙashin mota bayan damina, da duk lokacin da aka ɗauko takin zamani ko gishiri, domin suna cin ƙarfe.

Daga ƙarshe ya shawarci 'yan ƙungiya su kasa kuɗinsu kashi uku: shasi da birki, sannan giya da aksil, fenti da kujeru su zo a ƙarshe in an sami rara. Ya yi addu'a Allah ya kiyaye hanya, ya sa albarka a sana'a. Amin.